Sunan da Aka Canza

A ɗakin jiran asibitin ido, wani malamin jami'a ya matsa wa wata dattijuwa ta zauna. Ta tambayi sana'arsa, ya ce bincike yake yi kan mutanen da aka kama, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

"Ashe kai ma mai rikoda ne," in ji ta. "Wata irinka ta zo gidana kan maganar ɗana. Na yi bayani har muryata ta dushe."

"Aikin ya fito, Iya?"

"Ya fito, jikata ta karanta min. Komai na nan, har takalminsa da ya faɗi a ƙofar gida. Sunan ne kawai ba nasa ba."

"Ƙa'ida ce. Muna canza suna don mu kare ku."

"Daga wa? Waɗanda suka tafi da shi ai sun san gidan."

Ya gyara gilashinsa. "In aka sa sunaye, rigima ce za ta biyo baya. Mu ma muna da iyali."

"Yauwa, yanzu ka yi magana."

Ya so ya gyara zancen, ta riga shi.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Tunda na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, don kunya. Ran nan na runtse ido na faɗa wa na'urarta, har na maimaita kada ta yi kuskure."

Aka kira ta wajen likita. Ta miƙe tana gyara mayafi.

"Su sun ɗauke yaron, ku kun ɗauke sunan. Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan."