Harsashi Mai Tsini Ya Huda Tanki

Mai kiwon kaji ya harbi ɓera, ya huda tankin ruwansa. Washegari yana shagon kayan farauta yana zagin bindigar iskarsa, wata dattijuwa tana gefe tana gangara harsasai ɗaya-ɗaya a kan gilashin kantar shagon.

"Da wanne ka harba, ɗana?" in ji ta.

"Mai tsini, Inna. Ai shi ne mugu."

"Mugu ga tankinka. Ratsa ɓera yake ya wuce. A ɗakin kaji mai faɗin kai ake sawa, ya tsaya a jiki. Mai mulmulallen kai kuma na nesa ne."

"Wannan wasan da kike yi fa?"

"Duk wanda ya yi tangaɗi, gindinsa ya lotsa, ba zai tafi daidai ba. Marigayi maigidana ba shi da haƙurin tancewa. Ni ke harbi, shi ke karɓar yabo."

Mutumin ya saki baki. "Wallahi Inna kin fi ƙarfina. Ɓeraye na ƙarar da 'yan tsakina, zo ki cece ni."

"Da ƙwai ake biyana."

Ya ce tire ɗaya, ta ci gaba da gangara harsashinta. Sai da ya ba da uku.