Suka Ce Fitowa Yake Yi

Salama gare ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu.

Waɗanda suka san ni a nan Gumel sun san karanta labarai na yi a gidan rediyo har na yi ritaya. Aikin ya hana ni ƙara wa magana gishiri. Don haka zan faɗi abin da ya sami ƙafata ta dama yadda ya faru.

Salansar babur ce ta ƙone ni a ƙwauri, wata ranar kasuwar Maigatari. Ƙaramar ƙuna ce. Da ta fara ruwa sai na je ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar jinya ta wanke, ta ba ni man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, ta ce, "Baba, ka wanke hannu, ka shafa kaɗan a kan ciwon kawai. Mako guda ka daina. In ka ji ƙaiƙayi ko ka ga ja yana yaɗuwa, ka bar shi ka dawo."

Ciwon ya soma kamewa. Mako ya cika bai gama rufewa ba, man kuma ya ƙare. Na aika Maigatari aka sayo mini wani, irin wanda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa pomad. Rubutunsa Faransanci ne, ban iya karantawa ba, amma launin kwalin ɗaya ne da na farko. Na ci gaba da shafawa.

Sai ƙaiƙayi. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso kewaye da ƙunar, fatar ta yi jawur tana tsattsafo.

Maƙwabcina Malam Sabo, direban motar haya tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, ya shigo dubiya. Ya sunkuya ya duba, ya ce, "Malam Yohanna, barka! Ai fitowa yake yi. Maganin ya kamo dafin yana jawo shi waje. Ƙara laftawa!"

'Yan'uwa na majami'a ma da suka zo, abin da suka ce ke nan: "Gara ya fito da ya kwanta a ciki."

Ku lura da kalmar nan, fitowa. Tun muna yara muke jin ta. In yaro yana ƙyanda ƙuraje suka feso, sai iyaye su ce ta fito, hankali ya kwanta. Daga nan muka ɗauka duk abin da ya bayyana a fata hanyar fita ya kama.

Matata Saratu ce kaɗai ta ƙi yarda. Ta ce, "Maigida, abin da ke fita ai raguwa yake yi. Wannan kullum ƙaruwa yake."

Na ce, "Ke dai miƙo bandeji."

Na lafta, na naɗe. Ƙafa ta kumbura har gwiwa, ta zama kamar turmi. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Zazzaɓi ya kwantar da ni. Saratu ta koma kunna turaren wuta kafin baƙi su shigo, saboda wari. Ban taɓa ce mata na gane dalilin ba.

Ranar da Malam Sabo ya dawo ya ga ƙudaje a kan bandejin, bai ce barka ba. Salati ya yi. Ya bar lodinsa a tasha, ya kinkime ni zuwa babban asibiti.

Likita ya kwance bandejin, ya ɗan kau da kai. Ya ce fatata ce ta ƙi man da nake shafawa, ƙurajen nan alamar ƙin ce. Kullum na ƙara, fatar sai ta ƙara tsagewa, ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa suka nutsa cikin nama, inda man shafawa ba ya kaiwa. Gwajin jini kuma ya nuna ina da ciwon sukari ban sani ba.

Na ce, "Likita, an ce fitowa yake yi."

Ya ce, "Ba fita yake ba, Baba. Shiga yake."

Ya ɗauki biro ya zagaye iyakar kumburin a bisa gwiwata. Ya ce, "Za mu sa maka ƙarin ruwa da allurai. In ya tsallake layin nan, sai maganar yanke ƙafa."

A gadon da ke kusa da ni akwai Malam Idi, manomi daga wajen Gagarawa. Ƙaya ce ta soke shi, ya riƙa fasa kafson magani yana barbaɗawa a ciwon. Shi ma an zana masa layi. Nasa ya tsallake. Aka tura shi ɗakin tiyata, aka dawo da shi mayafi a kwance shamal daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ya farfaɗo bai yi kuka ba. Tambaya ya yi: "Wa zai yi mini huɗa bana?"



Washegari da tsakar rana na duba, kumburina ya taɓa layin. 'Yan'uwa, ni da na ci abinci da magana rayuwata duka, bakina ya mutu! Saratu ta ɗora hannu a kaina, don ƙafar ba ta taɓuwa. Da kyar na ce, "Ya Yesu, ga layi, ga ciwo. Ka tsaya a tsakani."

Iyakar addu'ar ke nan.

Kumburin bai tsallake ba. Ya tsaya a kan layin kamar an dafe shi, sannan ya soma ja da baya. An yanke ruɓaɓɓen nama, na daɗe a kwance. Yau akwai rami a ƙwaurina, ina ɗingishi, na daina hawa babur. Amma da ƙafafuna biyu na shigo nan. Yabo ga Ubangiji!

Malam Sabo ya ce, "Malam, ka yafe mini, bakina ne." Na ce, "Bakin gari ne duka. Kai kuma bayanka ne ya ɗauke ni."

Ina gode wa Allah, da hannuwan da ya yi aiki da su. Ku dogara gare shi, yana jin addu'a ko da guntuwa ce. Kada ku wuce kwanakin magani da aka faɗa muku, kada ku sayi magani don launin kwali. In kun je dubiya kuka ga ciwo yana yaɗuwa, kada ku ce fitowa yake yi. Ku ce, "Tashi mu tafi."

Ku kuma sa Malam Idi cikin addu'a. Damina ta kusa.

Tawadar biron nan ta goge tuni, amma na san inda take. Kowace safiya nakan ɗora yatsa a wurin in ce: nan Yesu ya tsaya. Amin.