Waƙar da Ta Cinye Waken Baba

Mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaishe ka da masu sauraro. Sunana Saratu, daga Zuru.

Mahaifina manomi ne a Manga, bai yi boko ba. Tun muna yara, idan zai sayi hodar kashe ƙwarin wake, ba ya kiran sunanta. Waƙar tallarta yake rera wa mai shago, sai a miƙo masa. Har gobe yana ba da labarin yadda masu kamfanin suka zo ƙauye da mota da lasifika, suka koya musu awo da hannunsu.

Bara ma ya rera, aka ba shi, ya barbaɗa, ya liƙe rumbu da laka. Da ruwan farko ya sauka muka buɗe don ɗibar iri, sai gari da ƙwari.

Na je wurin mai shagon da faɗa. Ya ce, "Yaya Saratu, ai masu asalin sun daɗe da sayar da kamfanin. Sababbin sun riƙe suna da waƙa, amma hodar daban ce."

Na gaya wa Baba, ya ƙi yarda. Wai tsufa ne ya sa ya kuskure awo. Wannan ya fi asarar waken yi mini ciwo.

Ku ba ni shawara, yaya zan raba shi da waƙar nan, alhali kullum a tasharku yake jin ta? Na san kuna gama karanta wasiƙata ita za ku saka.