Tsohon da Ya Riƙe wa Tawada Hannu

TAWADA: Halo? Salamu alaikum. Kaka, kana jina?

KAKA: Wa alaikumus salam. Wane ne? Ɗaga murya, kamar daga cikin rijiya ake magana.

TAWADA: Ni ce, Kaka. Jikarka, Tawada.

KAKA: A'a! Amarya! Ke ce? Yau an tuna da tsohon miji ke nan.

TAWADA: Ina wuni? Au, ina kwana ke nan a wurinku.

KAKA: Lafiya lau. Ina gajiya?

TAWADA: Ba gajiya. Ya ƙafar?

KAKA: Tana nan inda kika bar ta. Ya baƙunta? Ya karatu?

TAWADA: Alhamdu lillahi. Ya Gwaggo? Ya Baba da su Mama?

KAKA: Babanki ya fita aiki. Gwaggonki tana nan, ba ta yi mini magana tun shekaranjiya.

TAWADA: Me kuma ka yi mata?

KAKA: Ni? Ban yi komai ba. Ya Sinawan? Sun gama juya miki harshe?

TAWADA: Saura kaɗan. Jiya na shiga kanti na sayi sabulu da kaina, ban nuna da yatsa ba.

KAKA: Me kika saya? Sabulu ko kabewa?

TAWADA: Sabulu, Kaka! Layin wayar ne ba kyau.

KAKA: To, madalla. Dogon hutu guda, an tsallaka duniya, an koyo sayen sabulu. Ni da na yi yawon neman ilimi, jaka ɗaya gare ni. Larabci a kan tabarma na koye shi, Faransanci kuma a bayan wata babbar mota. Sinanci ne kaɗai ya gagare ni. Na taɓa tsayawa a bakin teku ina kallon jirgin da zai je can, har ya ɓace. Na gaya miki?

TAWADA: Ka gaya mini. Kakata tana da cikin Baba, ka fasa.

KAKA: Na fasa. Ga shi ɗiyar ɗan da aka haifa ta je ta bar ni. Kina cin abinci kuwa?

TAWADA: Ina ci. Da 'yan sanduna biyu ma.

KAKA: Wa ya koya miki? Shi?

TAWADA: Shi wa?

KAKA: Kar ki raina mini hankali. Babanki ya nuna mini hoton a wayarsa. Wani tsoho mai farar riga, gashinsa kamar auduga, kuna tsaye a wani lambu da sassafe, ya riƙe miki wuyan hannu.

TAWADA: Kai, Kaka! Malamina ne fa. Ya yi ritaya daga makarantarmu. Gidansa na kusa da ɗakunan kwananmu. Kullum da safe yana fitowa da bokiti da dogon buroshi, kamar tsayin sandarka, yana rubutu a kan duwatsun lambun.

KAKA: Da ruwa.

TAWADA: Da ruwa. Tsofaffi da yawa haka suke yi a nan. Ya rubuta layi, kafin ya kai ƙarshe farkon ya bushe.

KAKA: To meye amfaninsa? Mutum ya tashi da safe ya wanke titi, a ce malami?

TAWADA: Ya ce ba don a karanta ba ne, don hannu ya saba ne. Kaka, da ka gani! Hannunsa ko rawa ba ya yi. Kuma ya girme ka.

KAKA: Ya girme ni?

TAWADA: Sosai.

KAKA: Yana da haƙora?

TAWADA: Duka.

KAKA: Na roba ne. Ki duba da kyau.

TAWADA: Wallahi kishi kake yi.

KAKA: Ni? Da mai wanke titi? Tambaya kawai na yi. Hannun nan da yake riƙewa, wa ya fara riƙe shi? Kina 'yar mitsitsiya a kan cinyata, alƙalami ya fi yatsunki kauri. Ran da kika kifar mini da kwalbar tawada a kan farar rigata ta Juma'a...

TAWADA: Ka ce to ga Tawada ta haɗu da 'yar'uwarta.

KAKA: Sunan ya bi ki har yau. Rigar ma tana nan, tabon bai fita ba. Halo? Halo?

TAWADA: Ina ji. Yankewa yake yi. Kaka, shi ma ya sa mini suna.

KAKA: Ya me?

TAWADA: Suna. Na Sinanci. Duk ɗalibi baƙo sai an ba shi, don namu yana yi musu wuyar faɗa.

KAKA: Ikon Allah. Ba rago, ba shawara. Me ya sa miki?

TAWADA: Ba za ka iya faɗa ba. Ma'anarsa raɓa. Raɓar safiya.

KAKA: Raɓa! Abin da rana na fitowa ya tafi? Mutumin nan komai nasa bushewa yake yi. Ni na sa miki abin da sabulu ya kasa. Kuma kina amsawa?

TAWADA: A aji, ina amsawa.

KAKA: Shi kuma me kike ce masa?

TAWADA: Abin da kowa ke ce masa.

KAKA: Wato me?

TAWADA: Kaka. Amma da Sinanci! Haka ake kiran kowane tsoho, girmamawa ce kawai.

KAKA: Uhm.

TAWADA: Kaka?

KAKA: Ina nan. Ina lissafin kakanninki ne, na ga sun ƙaru ba a sanar da ni ba.

TAWADA: To bari in tambaye ka. Me ka yi wa Gwaggo?

KAKA: Na ce miki ban yi komai ba. Da na ga hoton, na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Na ɗaure soso a bakin sandata, na fita baranda.

TAWADA: Kaka! Ka gwada?

KAKA: Na gwada da ruwa. Na rubuta sunanki, na shiga ɗauko tabarau in duba, na fito babu komai. Na tsaya ina tunanin ko na rubuta ko ban rubuta ba. Ni abin nan ba ya yi mini daɗi yanzu, in nemi abu in rasa. Sai na juye kwalaben tawadata duka a bokitin.

TAWADA: Innalillahi! A kan simintin Gwaggo? Wanda take gogewa safe da yamma?

KAKA: Daga bakin ƙofa har wajen tukwanen furenta. Manyan baƙaƙe. Ta goge da omo, ta goge da toka, ta kawo wani ruwa mai wari. Yana nan daram. Ki gaya wa tsohonki haka ake rubutu.

TAWADA: Wayyo cikina! Allah ya ba Gwaggo haƙuri.

KAKA: Ki yi dariya. Amma yanzu duk safiya in na fito, ke nake fara gani. Ba sai na tsaya nema ba.

TAWADA: Nema kamar yaya?

KAKA: Sunaye suna yi mini wasan ɓuya, amarya. Jiya na kira Gwaggonki da sunan uwarta. Makon da ya wuce na tsaya gaban kantar littattafaina, na ɗauko wanda ni na rubuta, na karanta shafi guda ina cewa wannan mutumin ya cika surutu. Likita ya ce in riƙa cin kifi. Ya karatu?

TAWADA: Ka tambaya, Kaka. Lafiya lau.

KAKA: Na tambaya? To na ƙara.

TAWADA: Kaka, akwai maganar da na kira in yi. Katina ba shi da yawa, ka bari in faɗa har ƙarshe.

KAKA: Zai aure ki.

TAWADA: Don Allah ka tsaya! Makarantar ta zaɓi mutum biyu daga ajinmu su ƙara shekara guda. Ina ciki. Malamin ne ya je da ƙafarsa ya yi magana a kaina. Gobe suke son amsa.

KAKA: Shekara?

TAWADA: Shekara. Na kira Baba, ya ce ba ruwansa. Ya ce kai ka tsaya kai da fata har aka bar ni na taho, kai za ka ce in zauna ko in dawo.

KAKA: Hutu aka ce mini. Hutu na sa hannu a kai. Ƙarshen watan nan aka ce.

TAWADA: Na sani.

KAKA: Wato bai ishe shi ba. Ya riƙe hannu, ya canza suna, ya karɓi kakanci, yanzu shekara yake so. Ba shi da jikoki ne?

TAWADA: Yana da ɗaya. Tana wata ƙasa, ba ta zuwa.

KAKA: Sai ya ɗauki ta wani. Ki ce masa ni ma tawa tana wata ƙasa.

TAWADA: Kaka, ba don shi ba ne. Yanzu kunnena ya fara buɗewa. Da, in suna magana kamar ruwan sama a kan kwano nake ji. Yanzu ina tsintar kalmomi, a mota, a kasuwa, har mafarki na yi da Sinanci. In na dawo yanzu, kafin shekara duk ya zube. Kai ka sani. Kai ka ce mini harshe ba ya zama sai an zauna da masu shi.

KAKA: Ni na ce haka?

TAWADA: Kai ka ce.

KAKA: Ina da surutu, na gaya miki. Shekara tana da tsawo ga mai irin kaina, Tawada. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsoro nake ki shigo da jakarki, in tashi in ba ki kujera, in ce baƙuwa daga ina.

TAWADA: Kar ka faɗi haka.

KAKA: Shi kuwa yana can da haƙoransa, yana tune da komai.

TAWADA: Ka san abin da ya ce ran da ya fara ganin rubutuna? Ya juya hannuna, ya duba yadda nake ɗora yatsa. Ya ce wannan hannun ba sabo ba ne, wani ya riga ni. Ya ce wanda ya fara riƙe shi ba ya gaggawa.

KAKA: Ya faɗa? Da bakinsa?

TAWADA: Da bakinsa. Na ce kakana ne. Ya ɗan sunkuya, ya ce in gaishe ka.

KAKA: Maimaita wancan. Na gaggawar.

TAWADA: Ya ce wanda ya fara riƙe hannun nan ba ya gaggawa.

KAKA: To. Ashe yana gani. Ba laifi, yana da ɗan ilimi. Ki ce ina amsawa, amma kar ki sunkuya, ki faɗa a tsaye.

TAWADA: To, Kaka. Amsar fa?

KAKA: Ni na tsaya a bakin teku na kalli jirgi. Ba zan sa ki ki tsaya inda na tsaya ba. Ki zauna.

TAWADA: Da gaske?

KAKA: Ki zauna, na ce. Aro na ba shi, ki gaya masa, ba kyauta ba. Kuma in kin kira ni, kar in ji wata raɓa.

TAWADA: Allah ya bar mini kai, Kaka! Allah ya ƙara lafiya! Zan riƙa kira duk mako, wallahi. Zan turo maka buroshin ma, na gaske, ka bar sandarka ta huta.

KAKA: Ki turo wa Gwaggonki sabon siminti. Jirgin nan da nake gaya miki, fari ne, da jan layi a gindinsa. Akwai wani mai dafa abinci a ciki, Basine, gajere. Ya ba ni shayi a wani ɗan kofi marar hannu, ya koya mini yadda ake cewa na gode. Na riƙe kalmar nan shekara da shekaru. Yanzu na neme ta... ta tafi. Ke kin san ta ai.

TAWADA: Na sani. In faɗa maka?

KAKA: A'a, bari sai kin zo, ki faɗa mini ina kallon bakinki. A waya ba na kamawa. Na sa an gyara kujerarki ta baranda, ƙafar da ke rawa. Ƙarshen watan nan ne ko? Wace rana jirginku zai sauka?

TAWADA: Kaka...

KAKA: Na'am? Ɗaga murya.

TAWADA: Yanzu fa muka yi magana.

KAKA: Wace magana? Ta simintin? Ai na ce ki bar ni da Gwaggonki, za ta huce. Ranar nake tambaya, in sa babanki ya rubuta mini a bango. Kullum sai na tambaye shi saura kwana nawa, har ya fara gajiya da ni. Halo? Kin yi shiru. Tawada?

TAWADA: Ina nan.

KAKA: Kuka kike yi? Wani ya taɓa ki? Tsohon nan ne?

TAWADA: A'a. Mura ce. Ƙarshen wata, Kaka. Ranar Asabar ta ƙarshe, kamar yadda aka shirya. Ina tafe.

KAKA: Yauwa! Amaryata. In kin zo ki ga sunanki, tun daga bakin ƙofa. Ki cire takalmi kafin ki taka.

TAWADA: To. Kaka, katin zai...

KAKA: Kuma ki gaya wa mai wanke titin nan ya sakar miki hannu haka nan, mai shi yana jira. Ki duba haƙoran nan da kyau kafin ki taho, ni na san na roba ne. Kin ji? Tawada? Halo? Ke Gwaggonta, zo ki duba mini abin nan, ya yi shiru.