Tayar da Ta Shekara

A rumfar mai faci a Mbale, Mafabi ɗan acaba yana jujjuya tayarsa da ta suɗe, wani dattijo, shi ma ɗan acaba, yana kallo.

"Wata uku kacal, Baba! Jabu suka sayar min."

"Ba jabu ba ce. Tayar laka ka ɗora a kwalta, ga gudu, ga birkin ganganci. Tawa ta shekara."

Mafabi ya yi dariya. "Shekara? Tura babur ɗin kake yi? Wa zai hau bayanka?"

"Masu ciki da tsofaffi."

"Ba ka san gudu ba ke nan."

"A da, duk wata biyu nake canja taya," in ji dattijon.

Ya miƙe, ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafarsa ta dama da haɗari ya nakasa, sannan ya iya hawa babur ɗinsa.