Bencinan Aro

A bakin wata firamare ana loda bencinan ɗalibai a mota. Wani mai babbar riga ya dubi wata mata da ke jiran bas.

"Tunda aka kafa garin nan, ba a yi kansila mai kishin ilimi kamar namu ba."

"Shi ya sa ake kwashe bencinan yara?"

"Aro ne, baiwar Allah. Taron bunƙasa ilimi za a yi. A ƙasa kike so manya su zauna?"

"Na bara ma aro ne. Har yau suna hanya."

"Zaman ƙasa bai taɓa kashe yaro ba."

"Naka aji nawa suke a nan?"

"Nawa? A nan? Allah ya kiyaye!"

Matar ta ninke buhun da ta samo. A kansa 'yarta za ta zauna ta rubuta jarrabawa gobe.