Hasken da ke Sauka Kan Darbejiyarmu

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa. Daga Illela nake rubutowa, don Allah a sakaya sunana.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina son wani, kuma da hasken tocilarsa nake gane shi. Suna sintirin unguwarmu tare da Yayana. Tocilar Yaya mai faɗin haske ce, tana cika lungu amma ba ta zuwa nesa. Tasa kuwa siririn haske gare ta kamar zare, yana kaiwa har bakin gonaki. In sun zo wucewa, sai ya haska kan darbejiyar gidanmu sau biyu. Ni kuma in rufe littafina, in ji kamar labarina aka rubuta.

Jiya Yaya ya ce duk za su koma riƙe tocila mai faɗin haske, wai mai nisa ba ta nuna ɓarawon da ke gefenka. Na ce, "In daga nesa ya taho fa?" Ya ce, "Ke mi ya haɗa ki da tocila?" Na sunkuyar da kai.

Masu sauraro, ku taya ni gaya masu mai nisa ma tana da amfani. Gobe Yaya zai shiga Sakkwato. Shi zan ba wasiƙar nan ya kawo maku, kuma ba zan liƙe ta ba.